Marin Kolajin a Gidan da Ba A Cin Kifi

Duk wanda ya taɓa aurar da 'ya a Yakasai, ko ya ci garar wani, ya san Hajiya 'Yardada mai alkaki. In bai san fuskarta ba, ya san hannunta. Sunanta na yanka Nana Aisha, amma kakarta Dada ce ta raine ta, laƙabin ya bi ta har ya haɗiye sunan gaskiya. Mahaifinta marini ne a Ƙofar Mata, ya rayu ya koma ga Allah hannuwansa shuɗɗa har gwiwar hannu. Ita take kai masa abinci marina tana yarinya, saboda haka ta san warin baba, ta san toka, ta san yadda farin ƙyalle yake shiga rijiya ya fito kore-kore, iska ta buge shi ya koma shuɗi. Bokonta ya tsaya a aji huɗu na firamare. Allo kuwa ta sauke, sannan aka ɗaura mata aure da Malam Ilu, malamin Islamiyya, mutum mai sanyin hali wanda ko akuya ta ci masa takarda sai ya ba ta uzuri.

Shekara talatin da biyar ta yi a kan kujera 'yar tsugunno, kasko a gabanta, matsami a hannu. Alkaki, dubulan, nakiya, babu wanda ba ta yi, amma alkakin ne ya yi mata suna. Akwai kuma abu na biyu da ya yi mata suna, har ya so ya fi na farkon: gidanta kifi ba ya shiga.

Asalin abin shekara ashirin da takwas ke nan. Wata maƙwabciya ta ari babban kaskonta, ta soya kifi a ciki, ta ɗauraye sama-sama ta mayar, ba ta faɗa mata abin da ta soya ba. An yi rashin sa'a 'Yardada tana fama da mura, hancin nan nata da yake jiyo ƙaurin mai daga lungu uku ya toshe. Ta soya alkakin gara guda a cikinsa. Dangin ango suka buɗe a Zaitawa, ƙarni ya yi musu sallama tun kafin zaƙi ya iso. Aka dawo mata da kayan a bisa kai, da rana tsaka, da saƙon cewa su ba su yi odar alkakin bakin kogi ba. A tsakar gida, gaban mata sun fi goma, ta cire ɗankwali ta sake ɗaurawa, ta ce:

"Wallahi, tallahi, kifi ba zai ƙara shiga bakina ba, ba zai ƙara shiga gidan nan ba, muddin ina numfashi."

Irin wannan rantsuwa ta fushi mata da yawa suna yin bakwai kafin azahar, su manta da su kafin la'asar. Ita ta riƙe tata kamar igiyar aure. 'Ya'yanta suka tashi ba su san kifin gwangwani ba sai a gidan mutane. Ko dandanon miya aka kawo sai ta sa an karanta mata abin da ke ciki. Masu biki suka riƙa cewa a kai aiki gidan 'Yardada, can ko ƙudan da ya sauka a kan kifi ba ya samun masauki. Ita ma takan faɗa da bakinta, tana juya alkaki, cewa arzikinta biyu ne a duniya, hannunta da maganarta.

Wanda ya sha wuyar rantsuwar nan ba ita ba ce, Malam Ilu ne. Mutumin nan yana son kifi kamar ya yi yaya. Sai ya samo wa kansa wani darasi a wajen Ƙofar Kabuga duk ranar Alhamis, darasin da babu wanda ya taɓa ganin ɗalibansa. Ya dawo ya goge baki da asuwaki, ya tauna kanumfari, ya shigo da sallama mai tsawo. Ita kuwa ko kai ba ta ɗagawa, sai ta ce, "Malam, yau ɗaliban Kabuga da yaji aka ba ka su ko da albasa?" Ya yi gyaran murya ya shige ɗaki. Haka suka tsufa tare.

Da shekaru suka ja, gwiwoyi suka kawo ƙara. Wanda ya yi shekara talatin da biyar a tsugunne ai dole wata rana a tambaye shi. Ta kai ga in ta yi sujada sai an kama ta, daga baya ta koma salla a kan farar kujerar roba, irin ta gidan biki, abin da ya fi ciwon kansa ƙona mata rai. An kai ta asibiti. Likita ya ce ta rage ƙiba, ta bar zaman ƙasa, ta riƙa motsa ƙafa, ya rubuta magani. A cikin duk bayanin nan kalma ɗaya ta ji, wato shekaru, ta dawo gida tana cewa yaron nan ba shi da kunya.

A nan Zaituna ta shigo. Zaituna matashiyar mace ce mai sayar da kayan gyaran jiki ta waya, irin waɗanda yanzu suka cika gari. Kowace mace ta samu waya mai shafawa da jaka mai zif ta zama likita, ta zama boka, ta zama ungozoma, ba ta taɓa zama a aji ko na minti ɗaya a kan lafiyar mutum ba, amma za ta gaya miki abin da ke damun hantarki daga ganin hotonki. Mu kuma mata, Allah Ya shirye mu, in aka ce abu yana gyara fata sai hankali ya tafi kiwo. A wani gidan suna suka haɗu. Zaituna ta ga yadda Hajiya take miƙewa da ƙyar, ta matso ta durƙusa, ta ce ai wannan ƙaramin abu ne, kolajin ne, sinadarin da yake riƙe fata da gaɓoɓi, ya ƙare mata a jiki. Ta buɗe jaka ta jera robobi. Wannan na saniya ne, wannan na kaza, wannan kuma shi ne babbansu, marin kolajin, shi manyan mata suke sha, ya fi saurin shiga jini, ga gwiwa ga fata ga gashi.

Kunnen 'Yardada ya tsaya a kan kalma ɗaya.

"Marin? Na marina ke nan?"

Zaituna tana amsa wani saƙo a waya, ta ce, "Eh Hajiya, shi fa."

'Yardada ta karɓi robar ta juya. Rubutun Turanci ne, da hoton wata Baturiya tana dariya ba dalili, bayanta wani abu shuɗi yana toroƙo. Shuɗin nan ya gama mata bayani. Ta buɗe ta ga gari fari sol kamar tokar da aka tankaɗe. Ta shinshina, babu wari. Ta tuna babanta har ya haura saba'in yana tsugunne a bakin rijiyar rini, bai taɓa cewa gwiwa ba. Ashe sirrin a marina yake. Ta saya.

Wata uku tana zuba cokali guda a kunu kowace safiya. Ba shan ne abin magana ba, wa'azin. Duk wadda ta zo odar alkaki sai ta ji cewa Turawa sun zagayo sun dawo kan abin da marinan Kano suka sani tun kaka da kakanni, sun ɗebe, sun zuba a roba, sun sayar mana. Ta ce gwiwa ta yi sauƙi, kuma da alama ta yi ɗin. A cikin watannin nan ne dai autarta Bahijja ta sa kafinta ya yi mata doguwar kujera mai tudu, aka ɗaga murhu a kan bulo, ta daina tuya a tsugunne. Amma kujera ba ta da hoton Baturiya, wa zai yaba mata.

Bahijja malamar sakandare ce, tana aure a Zaitawa, takan zo gida ranar Juma'a. Wata Juma'ar ta tarar da uwar tana yi wa wasu mata biyu karatun marina, robar a hannu. Ta karɓa ta duba. Dariya ta fara zuwar mata, ta kai maƙogwaro, sai ta tuna gidan da take tsaye, dariyar ta koma ciki. Ta jira baƙin suka fita, ta zauna kusa da uwar, ta ce a hankali:

"Umma, wannan kalmar ba marina take nufi ba. Da Turanci, abin da ya fito daga teku ke nan. Shuɗin nan ruwa ne. Daga fatar kifi da ɓawonsa ake yin sa."

'Yardada ba ta yi salati da ƙarfi ba, ba ta dafe ƙirji ba. Ta ajiye matsami. Ta ce a sake karantawa. Aka sake. Ta ce a nuna mata inda aka rubuta kifi, Bahijja ta ɗora yatsa a kan wasu ƙananan baƙaƙe a gindin robar, waɗanda ko mai idon shaho sai ya matso. Sai 'Yardada ta tashi, ta ɗauki robar da bakin zani kamar mushen ɓera, ta kai zaure ta ajiye a bayan ƙofa, ta dawo ta wanke hannu har sau uku. Ranar alkaki ya ƙone a gidan 'Yardada, abin da 'yan lungun suka ce ba su taɓa jin ƙaurinsa ba.

Abin da ya tsaya mata a rai ɗaya ne: ta karya rantsuwa ko ba ta karya ba? Shekara ashirin da takwas tana kaffa-kaffa, a ce ta zubar da su da cokalin shayi, da hannunta, tana yi tana talla.

Da Malam Ilu ya dawo daga masallaci ta tare shi da tambayar tun bai cire hula ba. Ya zauna, ya nemi a maimaita masa, kuma duk ƙoƙarinsa sai da gefen bakinsa ya motsa. Ya ce malamai sun yi saɓani a kan wanda ya aikata abin da ya rantse a kai bisa rashin sani, wasu sun ɗora masa kaffara, wasu sun yafe. Ya ƙara da cewa ai dama wanda ya rantse zai bar halal, sannan ya ga alheri a cikinta, abin da ya fi shi ne ya yi kaffara ya ci abinsa. Ciyar da miskinai goma ne, ko tufatar da su, wanda bai samu iko ba ya yi azumi uku. Ya faɗi wannan da wani irin sauri, kamar wanda ya daɗe da haddace babin yana jiran a tambaye shi.

"Malam," in ji ta, "wannan fatawar daga littafi ta fito ko daga Kabuga?"

Ya ce daga littafi, yana iya ɗaukowa. Ta ce ya bar shi, ba a tambayar kura hukuncin akuya.

Bahijja ce ta ce, kafin a kai ga hukunci, a fara sanin abin da aka sha. Washegari da hantsi suka ɗauki robar a leda suka nufi shagon Mikail, mai kemis na bakin titi, wanda ya karanci haɗa magunguna, kuma alkakin aurensa 'Yardada ce ta soya. Ya ba ta kujera, ya saurari labarin har ƙarshe bai yi dariya ba, Allah Ya yi masa albarka.

Ya yi musu bayani dalla-dalla. Kolajin ba wani abin al'ajabi ba ne, shi ne abin nan mai danƙo da yake sa romon ƙafar saniya ya daskare in ya kwana. Ana samo shi daga fatar saniya, ko guringuntsin kaza, ko fatar kifi, akwai ma na alade, shi ya sa mutanenmu da yawa suke neman na kifi don hankalinsu ya kwanta. Na kifin an fi tallarsa don fata, na guringuntsi ake dangantawa da gaɓoɓi, kuma ko mai kyaun ba ya mayar da tsohuwa yarinya. Wasu sukan ce sun ji dama, wasu ba su ga komai ba, ba ya kuma maye gurbin abin da likita ya ce. Mai kyau yana da sunan wanda ya yi shi da inda yake, da lambar rajista da za a iya bincikawa, da ranar lalacewa, da bayanin irin kifin. Yana narkewa a ruwa ya bar shi kusan garau, kuma mai hanci yakan jiyo ɗan ƙarni can ƙasa.

'Yardada ta ce nata ba shi da ƙarni ko na anini, da akwai da ita ce farkon ji.

Mikail ya ce shi ma abin da ya ba shi mamaki ke nan. Ya juya robar, babu adireshi, lambar da ke jiki kuma ta goge rabi. Ya zuba cokali guda a kofin ruwa ya juya. Ruwan ya yi fari kamar an wanke shinkafa, garin ya kwanta a ƙasa. Sai ya ɗauko ayodin, jan maganin nan da ake shafa wa rauni, ya ɗiga a ciki. Nan take ruwan ya juye shuɗi mai duhu, har yana neman baƙi.

'Yardada ta leƙa kofin, ta dubi 'yarta. "To, ke da kika ce ba na marina ba ne."

Wannan karon Bahijja ba ta iya riƙewa ba, har da hawaye. Mikail ya ce sitaci ne yake yin haka in ya haɗu da ayodin, kowane ɗan sakandare an nuna masa. Kolajin na gaskiya ba ya yi. Abin da ke cikin robar nan, mafi yawansa ɗan'uwan garin rogo ne.

'Yardada ta lissafa abin a ranta. In garin rogo ne, rantsuwarta tana nan daram, amma ta tabbata wata uku tana shan kokon guga tana yi wa unguwa wa'azi. In kifi ne, ba a cuce ta ba, amma maganarta ta faɗi. Ko wawa ko mai karya rantsuwa, an ce ta zaɓa. Ta tambayi Mikail kai tsaye, da kifi a ciki ko babu.

Ya ce, "Hajiya, sitaci na gani. Amma ba zan ce babu ko ƙyas na kifi ba, masu irin wannan aikin sukan barbaɗa kaɗan don a samu na faɗa. Sai an kai ɗakin gwaji. Ni dai ba zan rantse ba."

Ta ce ya kyauta, rantsuwa ba abin wasa ba ce, ita ta sani.

Zaituna da aka kira ta a waya ta ce ita ma sara ta yi a wurin wata, ita watar kuma a wurin wani, wanin kuma lambarsa ta daina shiga. Ta ce ita wallahi ba ta sani ba. 'Yardada ta ce ta yarda ba ta sani ba, shi ne ma laifin, mace ta ɗauki abin da ba ta sani ba tana ɗura wa mutane a ciki. Ta sa Zaituna ta bi gidajen matan da suka saya saboda wa'azin nan na marina, ɗaya bayan ɗaya, ta karɓo robobin. Ita ma 'Yardada da kanta ta aika musu cewa maganar marina kuskurenta ne, babanta bai san da wannan gari ba, a yafe mata. Wannan aiken ya fi mata ciwon gwiwa zafi, amma ta yi.

Sauran shakka. Kwana huɗu tana yawo da ita. Ta ɗaga hannu za ta yi kabbara, sai ta ji tambayar: kin ci ko ba ki ci ba? 'Yardada kuwa mace ce da ba ta iya zama da wataƙila. Alkaki ko ya soyu ko bai soyu ba. A rana ta biyar, bayan an karya, ta ce wa Malam Ilu ya ɗauko littafin nan. Ya ɗauko, ya karanta, ya fassara, ta sa ya sake karanta Larabcin don ta ji ko ya yi ƙari. Bai yi ba.

Ta ce to, za ta yi kaffara, ta huta. Amma ba za ta ciyar da mutum goma a kan ƙurar da ba a ma tabbatar tana ciki ba. In dai za a ce 'Yardada ta karya rantsuwar shekara ashirin da takwas, to a faɗa a kan kifi mai kai da jela, wanda ta gani da idonta.

Ranar Alhamis ta dafa shinkafa da miyar nama, ba ta yi ƙwauro ba, aka zuba kwano goma aka kai wa masu dako da wasu tsofaffi a bakin kasuwa, kowane kwano da alkaki biyu a kai. Ta sa aka sayo sabon kasko ƙarami, ta ɗaura masa jan zare a kunne, ta ce duk wanda ya kusantar da shi inda kaskon alkaki yake zai ga abin da ya fi rantsuwa. Malam Ilu aka aika sayen kifin. Ya tambaya, da murya irin ta marar laifi, ko a ina ake samun mai kyau. Ta dube shi kawai. Ya sa takalmi.

Tarwaɗa ya kawo, manya biyu. Bahijja ta yi farfesu a can ƙarshen tsakar gida, ƙamshin ya tsallaka katanga, maƙwabta suka riƙa leƙowa suna tambaya ko lafiya. Bahijja ta kuma zo da wata robar kolajin da Mikail ya duba ya ce wannan da sunan mai shi da lambarsa. 'Yardada ta buɗe, ta kai hanci, ta ce wannan kam ɗan ruwa ne, a ajiye, za ta gwada wata guda ta ga ko ya fi doguwar kujera aiki.

Aka shimfiɗa tabarma, ita tana kan kujerarta. Ta yi bisimilla, ta gutsuri tsoka, ta cire ƙaya a hankali, ta kai baki. Malam Ilu da Bahijja suka bar nasu suna kallonta. Ta tauna, ta haɗiye, ta kurɓi romo.

"Ashe dama abin ke nan," in ji ta. "Duk ƙaya. Ni ban ga abin da ake zuwa Kabuga a kai ba."

Malam Ilu ya ce haka ne, ba shi da wani daɗi, ya miƙa hannu zai ɗauke kan tarwaɗar daga kwanonta don ya rage mata wahala. Ta buge hannun da bayan cokali, ta jawo kwanon gabanta.